Guɗar da Na Yi wa Mai Sarewa

A ƙasar Birnin Kudu, macen da ta yi aure ko ta yi suna a shekarun da nake da ƙarfi, in ta ce ba ta san muryata ba, to ku tambaye ta a ina aka yi bikin. Ba yabon kai nake ba, abin da kowa ya sani ne. Ni maguɗiya ce. Ban yi boko ba, ko sunana ba na iya rubutawa, amma in na kama hanci na rangaɗa guɗa a Unguwar Ya, mata masu surfe a wancan gefen gari sai sun tsayar da taɓarya sun saurara. Na faɗi wannan tun da fari don ku san ba rashin sani ne ya sa na yi abin da na yi ba.

Akwai wasu makaɗa huɗu daga wajen Gwaram da ake ce wa mutanen Farin Dutse, ko da yake biyu ne kawai 'yan can. Mai ƙwarya, mai kalangu, mai kukuma, sai wani dattijo mai sarewa. Su ba irin makaɗan da za ka ce su yi maka waƙa kaza ba ne. Ba su da waƙar da suke yi sau biyu iri ɗaya. Mai ƙwarya zai shimfiɗa kiɗa a hankali, sauran su shigo ɗaya bayan ɗaya, daga nan kowa ya karɓa ya yi nasa hawan, sauran suna tallafe da shi. Kiɗa guda sai ya ci daga bayan azahar har a kira la'asar, a yi salla, su dawo su ɗora daga inda suka ajiye. Akwai mutanen da ba su da aiki in an gama kaka sai bin su gari-gari, wasu a keke, wasu a babur, mu mata a bayan a-kori-kura. A dawo kuma a zauna ana musu: wasan wuri kaza ya fi, a'a na wuri kaza ne ya fi.

Abin da ya sa nake da matsayi a wurinsu shi ne, ba sa yi wa juna alama da ido ko da ka. Guɗa suke jira. In mutum ya hau ya kai ƙololuwa, macen da ta san kiɗa za ta saki guɗa, shi kuma ya sauko ya miƙa wa na gaba. In an yi masa guɗa, ya gama ke nan. Ba ya ƙara ko ɗigo, don ci gaba bayan guɗa zari ne a wurinsu, kuma raini ne ga macen da ta yi. Saboda haka ba kowace mace suke yarda ta tsaya kusa da su ba. Shekara da shekaru ni ce. Dattijon nan mai sarewa da kansa yake aikowa a ce mini ranar kaza suna wuri kaza, in na samu hali.

Shi asalinsa Bafillace ne, amma Hausa yake yi kamar kowa, yana da 'yan shanunsa da gonarsa a bayan Farin Dutse. Dogo ne siriri, ba ya son magana. Hawansa ya fi na kowa wuya, don shi ba ya miƙewa kai tsaye. Sai ya yi ta kewaye, ya yi sama kaɗan ya dawo, sannan ya yi ƙasa, ƙasa, har ka ce sarewar ta mutu a hannunsa. A nan ne baƙo yake zaton an gama. Sai ka ga kafaɗunsa sun ɗaga, ya ja numfashi mai tsawo ta hanci, sannan ya tashi da abin da ya sa aka taru. Na ga gardawa suna share ido a wurin nan. Ni na san wannan saukar tasa kamar yadda na san hanyar ɗakina.

Ranar da nake ba ku labari a Sundimina aka yi, bayan an kaɗe riɗi, a wata gona da aka share. An taru sosai, har kan bishiyoyi akwai mutane. Aka zo har gida aka ɗauke ni, aka shimfiɗa mini tabarma a gaba. Ina zama sai na hangi wata mace a ɗaya gefen, 'yar cikin garin Gwaram, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba. Aka ce mini ita ma tana guɗa, dangin mai gonar ne suka zo da ita. Na ce madalla, fili ai na kowa ne. A raina ban ɗauke ta komai ba.

Mai kalangu ya fara hawa. Ina biye da shi, ina jiran bugu biyun da na san zai rufe da su, har na ɗaga hannu, sai na ji guɗa ta tashi daga can gefen. Siririyar murya ce mai kaifi, kuma daidai wurin ta faɗo, ba gaba ba baya. Shekaru na yi ina cewa ta yi gaggawa. Ba ta yi ba, ni ce na makara da ƙiftawar ido. Mai kukuma ya karɓa, ya yi nasa, ta sake riga ni. Na ga mai kukuma ya juya ya yi mata murmushi. Wata da ke zaune kusa da ni, abokiyar wasata ce, ta zungure ni da gwiwar hannu.

“Inna, yau kallo kika zo ne? Da an sani ai da an bar ki ki huta a gida.”

Matan da ke kusa suka yi dariya, ni ma na yi ta dole.

Sai dattijo ya ɗora sarewa a baki. Ba na jin na taɓa jin ya fara da daɗi kamar ranar. Ya yi kewayensa, ya ɗan taɓa sama ya dawo, fili ya yi tsit, har masu tallar gyaɗa suka sauke farantansu. Sannan ya fara yin ƙasa. Ni kuwa kunnena yana wurinsa, idona yana kan yarinyar nan. Na ga hannunta ya taso wajen fuskarta. Daga baya na gane mayafinta take gyarawa. A lokacin abin da ya zo mini kawai shi ne, in ta ɗauke na uku, na tashi daga maguɗiyar mutanen Farin Dutse, kuma a gaban jama'ar Sundimina. Tsakanina da dattijon bai fi taku huɗu ba. Na ga kafaɗunsa sun ɗaga. Na ji shigar numfashin. A kan wannan numfashin na saki guɗa, irin wadda ban taɓa yin mai tsawonta ba.

Ya tsaya da iskar a ƙirjinsa. Sannan ya sauke sarewar a hankali, ya goge bakinta da hannun riga, ya bar wa mai ƙwarya fili. Bai dube ni ba. Mai ƙwarya ya rikice na ɗan lokaci don bai shirya ba, sai mai kalangu da mai kukuma suka faɗa tare don su toshe gurbin. Abin da suka yi a nan shi ne ake ta magana har yau. Suka kama juna kamar 'yan kokawa, wannan ya jefa wancan ya mayar, mutane suka miƙe tsaye, ƙura ta tashi, wani tsoho ya jefar da sandarsa ya shiga rawa. Har aka tashi kafin magariba dattijon bai sake hawa ba, yana dai bi a baya yana tallafa musu.

A bayan mota muna komawa, wani mai gyaran keke da bai taɓa fashin wasansu ba ya ce, “Inna, yau kamar kin katse Baba da wuri.” Ban yi ko tunani ba na ce masa numfashi ne ya ƙare wa dattijo, na ga abin da ku ba ku gani ba, rufa masa asiri na yi. Kowa ya ce Allah sarki, tsufa ke nan. Wata ta ce Allah ya saka mini da alheri, don da waccan yarinyar ce da ta bar shi ya kunyata. Na gyara zama na karɓi addu'ar.

To ni Allah ya ba ni baki. In na ba da labari sau uku, sai ya tsaya da ƙafarsa. Duk inda aka taru aka tayar da zancen wasan Sundimina, ni ake juyowa a kalla, don ni ce a gaba. Na ce na ga yatsunsa suna rawa a kan sarewar. Wani karon na ƙara da cewa leɓensa ya yi fari. Daga baya har na ce ya ɗago ido ya dube ni kamar mai roƙo. Ina faɗa ina gani a idona, har wani lokaci ni ma sai in ji kamar haka aka yi.

Mutane sun yi ta musu a kan wasan nan. Masu bin su na da suna cewa bai kai wanda aka yi a gindin tsamiya a Gwaram ba, shekarar da ruwa ya tsaya da wuri, don a can an ji sarewa ta kai inda take kaiwa. Matasa suna cewa wane shi, ai karon kalangu da kukuma na Sundimina ba a taɓa yin irinsa ba. Akwai mai shayin da ya rantse mai kukuma ya tsinke izga a tsakiyar karon ya ci gaba da rabi, wani ya ce ƙarya ne yana kusa. Wasu suna cewa mai ƙwarya ne gwanin ranar da bai bari kiɗa ya zube ba. A kan komai an saɓa, sai abu ɗaya: kowa ya yarda ranar ce numfashin mai sarewa ya ƙare. Wannan ba a musu a kai, don daga bakina ya fito.

Wani ya ɗauki wasan a waya, irin ƙananan nan na lokacin. Ya bazu, masu cajin waya suna tura wa mutane a memori. Na sha jin guɗata tana fitowa daga aljihun wani a kasuwa, in tsaya in ce wa na kusa da ni, kin ji ni nan.

Kaka ta zagayo, masu gayyata suka fara cewa a zo musu da kalangu da kukuma su yi irin na Sundimina, dattijo kuwa kada a wahalar da shi. In ya zo ma, matan da suka ji labarina sai su yi masa guɗa tun yana kewaye, wai tausayi. Sau biyu ina wurin aka yi haka, ban hana su ba. Bai ƙara aiko mini ba. Kafin shekara biyu sun ɗauki wani saurayi mai fiyano a madadinsa, shi kuma ya koma wajen shanunsa.

Sau ɗaya na haɗu da shi bayan haka, ranar kasuwa, a wajen masu sayar da igiya. Na so in kauce, ya riga ya gan ni. Ya gaishe ni har da rusunawa kamar yadda ya saba, ya tambayi yara. Sannan ya ce, “Muryar dai tana nan ko?” Na ce tana nan, Malam, sai godiya. Ya ce to Allah ya bar ta. Ya ɗauki igiyarsa ya tafi. Ga damar faɗa masa gaskiya ta samu, ba kowa sai mai igiya da ko saninmu bai yi ba, amma na tsaya ina kallon bayansa har ya shige cikin mutane. Bayan 'yan shekaru aka ce ya rasu. Na je gaisuwa, na zauna cikin mata, har a can aka ce in ba da labarin yadda na rufa masa asiri, na kuwa bayar.

Bara da damina, da hantsi, ina tsakar gida ina tsince wake, wata mata ta yi sallama. Ta ce ita 'yar mai sarewa ce, autarsa, tana aure a Gwaram. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa. Ta ce 'ya'yanta sun taso ba su san kakansu da komai ba sai cewa shi ne wanda numfashi ya ƙare wa a Sundimina, har abokan babban suna tsokanarsa da haka in sun ga ya gaji a gona. Ta ce ta zo ne ta ji daga bakin wadda ta fi kowa kusa.

Na buɗe baki na fara kamar kullum. Na kai wajen yatsu suna rawa, sai ta ciro waya ta ce in yi haƙuri in saurari wani wuri a wasan nan na Sundimina. Ta kunna, ta kara mini a kunne. Sarewa tana ƙasa, ƙasa. Sai wani ɗan sauti kamar iska ta shiga ta ƙofar zana. Sai ni.

“Inna, wannan numfashin na san shi,” in ji ta. “A bayansa na girma. In ya ja shi haka a bakin garke, mu yara mukan bar abin da muke yi, don mun san yanzu za a tashi. Wanda numfashi ya ƙare wa ba ya jan irin wannan. Ni dai ban san kiɗa ba, ke kika sani. Ki gaya mini.”

Na daɗe ina juya wake a faifai. Sannan na ce mata, “'Yar nan, numfashin ubanki bai ƙare ba. Ni na katse shi, ina sane, don kada wata ta riga ni.” Na gaya mata zancen yarinyar Gwaram da mayafinta, da maganar da na yi a bayan mota, da yadda na yi ta ƙara wa labarin gishiri.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma zage ni ba, da ta zaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce shi bai taɓa faɗa musu komai ba, in an tambaye shi sai ya ce an yi masa guɗa ya sauka, haka ake yi. Da za ta tafi ta tsaya a bakin zaure ta ce, “Ni na ji, Inna. Amma wancan labarin ba ni kika gaya wa ba, duniya kika gaya wa.”

Sati biyu bayan haka aka yi suna a maƙwabta. Bayan an ci tuwo, hira ta zagayo kan makaɗan da, kamar yadda takan yi in tsofaffi sun haɗu. Na ce su saurara, yau zan faɗi yadda aka yi. Na faɗa tiryan-tiryan, ban rage komai ba. Da na gama sai wata ta dafa ni ta ce Allah sarki Inna, kirki ne ya yi miki yawa, mutum ya mutu kina son ki gyara masa suna. Wata ta ce ai ita da idonta ta ga leɓensa ya yi fari. Na tambaye ta a ina take zaune ranar. Ta ce can baya wajen masu fura, amma ta gani. Na ce mata ni na ƙirƙiri farin leɓen nan, a ɗakina, ta ce haba Inna. Na ji wasu suna raɗa cewa tsufa ya fara taɓa ni.

Abin ya tsaya mini a rai, na sa aka kai ni Gwaram wurin mai kalangu, shi kaɗai ya rage a cikinsu. Ya daina kiɗa, idonsa ya yi rauni, yana zaune a ƙofar gida yana tufka. Na gaya masa abin da ya kawo ni, na ce ya taimake ni ya shaida. Ya ce ai da numfashi ya ƙare wa dattijo shi zai fara sani, don hannunsa yana sama yana jiran tashin. Na ce to me ya hana ku magana tun lokacin? Ya ce mutane sun riga sun ji daga bakina, su kuma ana ta kiransu saboda karon nan, sai suka bar shi a haka. Ya ce in an tambaye shi zai faɗa, amma wa yake zuwa tambayarsa yanzu? Ya so ya raba laifin da ni, na ce masa a'a, kowa ya riƙe nasa, ni na san girman nawa.

Daga can na aika wa 'yar mai sarewa cewa ina gari. Ta ce in zo. Na tarar ta tara 'ya'yanta da na yayyenta a tsakar gida, manya da ƙanana, har da wata tsohuwa ƙanwar marigayin da aka ɗauko daga Farin Dutse. Ba wanda ya ce mini in fara. Na zauna na ba su labarin kakansu, ba na Sundimina kaɗai ba. Na gaya musu yadda yake kewaye, da yadda yake sauka har fili ya yi tsit, da abin da yake biyo bayan numfashin, gwargwadon yadda baki zai iya kwatanta abin da sarewa take yi. Na gaya musu wuraren da na tsaya a gabansa na jira har ya kai, da ranar da ban jira ba. Babban ɗanta ya tambaye ni ko abin da zai busa ranar ya fi na sauran wurare. Na ce masa ban sani ba, kuma babu wanda zai taɓa sani, ni na hana.

Su sun yarda. Tsohuwar ta ce ita dama ba ta taɓa yarda da wancan ba. 'Yar ta dama mini fura, ta raka ni har bakin titi, ta tsayar mini da mota. Ban roƙe ta ta ce ta yafe ba, ita ma ba ta ce ba. Ta dai ce in gaida gida.

Gida ɗaya ke nan. A Birnin Kudu da Sundimina har gobe in an kunna wasan nan a waya, aka zo wurin guɗata, sai wani ya ce ka ji inda Inna ta rufa wa dattijo asiri. In ina kusa nakan ce ba haka aka yi ba, in sake faɗa daga farko. Wasu su saurara, wasu su yi murmushi su ce to Inna, mun ji.